Nama da Hannun Hagu

Kafin farantin ya taɓa teburi marin ya sauka.

Shekara ashirin shugaban direbobi yana cin walimar ƙarshen shekara a ofishin jigilar doya na Yendi, ba a taɓa miƙa masa nama da hannun hagu ba sai yau, a gaban manaja da baƙin reshen Bawku. Kuma wai sabon mai gadi, wanda ko wata bai cika ba.

"A gidan uban wa aka koya maka haka?"

Ya ƙara masa na biyu. Mai gadin ya faɗa kan kwalaben lemo suka tarwatse, jini ya ɓalle masa a gira. Aka kashe rediyo. Manaja yana "Alhaji, a yi haƙuri," shi kuwa ya riga ya shaƙo wuyan rigar mutumin.

"Ina hannunka na dama? Fito da shi."

Rigar ta yage har kafaɗa. Dungulmi ne ya fito, ya tsaya a gwiwar hannu, saran adda guda.

Alhaji ya gane saran. Bara, lokacin rikici, a hanyar Salaga, ya kai wa wani sara da adda, mutumin ya ɗaga hannu yana kare kansa. Ko fuskarsa bai tsaya kallo ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Mai gadin ya tsinci tsokar naman daga ƙasa, ya hure ta, ya sake miƙa masa da hagun.

"Karɓa, Baba," ya ce a hankali. "Na daman, ai ka san inda ka bar shi."