Sunan Malam a Baƙin Allo

Tun da aka kafa dokar share duk littafin da shekara ta zagayo ba wanda ya neme shi daga ma'ajiyar littattafai ta na'ura, Iya Tabawa ba ta samu sukuni ba. Marigayi mijinta littafi ɗaya tak ya bari a duniya, kuma yau wa'adinsa ke cika.

Ta isa rumfar Kubura mai binciken littattafai, wadda ke buga umarni a baƙin allon kwamfuta. A gefen allon, sunayen marubuta sai ɓacewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, ba ko motsi.

"Iya, wane ne marubucin?" in ji Kubura.

"Malam."

Kubura ta buga. Allo ya cika ya batse da malamai.

"Sunan da ya sa a littafin nake nufi, Iya."

"Ke, raba ni da rashin kunya! Yana raye ban kama sunansa ba, sai yanzu don ƙasa ta rufe idonsa?"

"Ai na'ura ba ta san kunya ba."

Iya ta ja mayafi, ta kau da kai. "Bayan 'yan mata aka haife shi."

"Tanko?"

Iya ta yi tari.

Kubura ta buga, layi guda ya fito, littafi ya tsira. Ta karanta, sai ta toshe baki da hannu.

"Mene ne kuma?"

"Iya, sunan littafin *Falalar Matar da Ba Ta Kama Sunan Mijinta*."

Iya Tabawa ta miƙe tana gyara zani. "Allah ya jiƙan Malam. Da ya ɓace ma, shi ya jawo wa kansa."