Minti Na Bakwai a Bidiyon Kaka

Karo na tara ke nan manhajar tace bidiyo ta rufe kanta a kwamfutar Halas, kuma a wuri ɗaya: minti na bakwai, daidai inda marigayiya kakarta ta fara ɗago hannu.

"Halas, ki haƙura," in ji kawunta daga bakin ƙofa. "Mamaciya ce ba ta son a nuna ta. Ko na'ura ta gane."

"Kawu, da bakinta ta ce in ɗauke ta. Ba zan bari ba."

Gobe ne sadakar arba'in. Dangi na tafe Mai Wurno daga Hasahisa, duk a nan ƙasar Sudan, don su ji tsohuwar tana ba da labarin tahowar kakanninsu daga Sakkwato, da irin Hausar da jikoki suka fara mantawa. Kwamfutar, irin ta cinya, sabuwa ce dal. Ta goge manhajar ta sake sakawa, ta rage nauyin hoton, duk a banza.

Da ta ɗaga kwamfutar daga kan katifar auduga, saura kaɗan ta sake ta don zafi. Ashe katifar ce ta toshe mata hanyar iska.

Ta kai ta inuwar da randar kaka take, ta ɗora ta a kan murfin mai sanyi, ta danna. Kawu ya biyo ta yana girgiza kai.

Minti na bakwai ya zo, ya wuce. Tsohuwar ta ƙarasa ɗago hannun, ta nuna gefe.

"Ke, zafin ga ya ishe ni," ta ce. "Matsar da ni kusa da randa, sannan in ci gaba."