Ranar da Babu Wasa

"Yau babu wasa," in ji tsohon mai gadi, yana leƙowa ta ƙofar filin ƙwallo.

Ɗan wasan ya tsaya da takalma rataye a wuya, yana kallon kujerun da babu kowa. Da safen nan ya sauka daga motar Ngawundere, ya tari moto, babur ɗin haya, bakinsa da kansa ya ce a kawo shi nan.

"Baba, ba yau Laraba ba? Mu da 'yan Maruwa."

"Asabar ce. Tun makon jiya kuka buga da Maruwa, a gabana ka ci ƙwallo."

Ya dafe goshi. Wasa bakwai cikin kwana ashirin da uku, daga fili sai mota, daga mota sai fili. Yakan farka ya rasa ko a Garwa yake ko a Duwala.

Wayarsa ta yi ƙara. Yayansa ne.

"Kai kana ina? Yau kwana bakwai da matarka ta haihu! Ga liman yana jira, ga rago a ɗaure. Ba don sunan nan koci ya ba ka hutu ba?"

Ya sauke wayar.

Mai gadi ya ji komai, ya washe baki. "Barka, ɗana! Mace aka samu ko namiji?"

Ya buɗe baki zai amsa. An faɗa masa, tabbas an faɗa masa a waya, ana hutun rabin lokaci. Ya zuba wa tsohon ido, yana jira ko shi zai tuna masa.