Faifan Yaya a Gonar Gero

Gero ya fara nuna, tsuntsaye sun dame mu, sai Baba ya tafi da ni gonarmu ta Kademi bayan la'asar. Muka shiga rataye tsofaffin faya-fayan sidi a jikin kara, don ƙyallinsu ya kori tsuntsaye.

Yana zaro na ƙarshe daga aljihu na gane shi. Faifan waƙoƙin da ke tashe ne a shekarar, wanda Yaya Hadiza ta sayo a kasuwar Ajingi. Kullum sai ta kunna, ta ci ɗamara da gyale tana kwaikwayon rawar 'yan matan ciki. Lokacin ko arba'in ba a yi da rasuwarta ba.

"Baba, ai na Yaya ne! Ko karcewa bai yi ba."

Ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana zura zare.

"Na sani. A gida ba zan iya jin sa ba. Nan kuwa iska za ta riƙa sa shi rawa."

Yanzu waƙoƙin suna cikin wayata, amma ban taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba. Da kiɗan ya tashi, sai in hango faifan nan yana juyi shi kaɗai a tsakiyar gero.