Fuskar Tabawa a Jikin Katako

Tun da aka daina yin kyamarar da ba ta gyara fuska, ban ƙara yarda da hoto ba. Amma 'yata Mansura ta matsa, daga Agadas, in sa mata zanen uwarta a intanet. Tana goye uwar ta rasu.

Zanen a jikin katako yake, aikin wani mai fentin manyan motoci a Funtuwa. Ya kama matata Tabawa sak: wushiryarta, da tabon ƙuna a haɓa, da idon hagun nan mai ɗan kallon gefe.

Na kai shi shagon Uwani mai hoto. Ta ɗauka, ta juyo mini allo. Sai ga wata kyakkyawa, haƙora a jere, ido tar.

Na ce, "Wannan matar wa ce?"

"Taka ce mana, Baba."

"Yarinya, da na samu irin wannan, ai da ban yi shekara talatin a kan titi ina jan mota ba. Mayar mata da tabonta."

Sau bakwai tana ɗauka. Har alƙalami ta sa ta ƙara wa tabon duhu, na'urar ta goge. Ta ce, "Wallahi Baba, gani take datti ne."

Haka muka ɗora shi.

Da la'asar Mansura ta kira. "Baba, ashe haka Inna take da kyau?"

Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, na kasa. Na ce, "Ki dai zo gida bana. Gara ta fara cin katakon."