Gwajin Garaya a Ƙofar Labaran

Ke, ajiye allon nan ki ji! Sahabi ko gama gaisuwa bai yi ba aka ɗora masa garaya a cinya. Yana ta "ina kwana Baba, ina gajiya, ya iyali," tsohon bai amsa ko ɗaya ba. Yatsunsa kawai ya kama yana jujjuyawa kamar mai taya akuya.

Ai haka Labaran mai garaya yake, duk Safana an sani. Daga Batsari har Babban Duhu tsoron kunnensa ake yi. Wai tsirkiya ko kaucewar gashi ɗaya ta yi sai ya kama ta.

Kuma Sahabi fa ba wasa ya kawo shi ba. Ubansa ne makaɗin maharban Batsari, ya rasu da daminar nan. Maharba suka ce da an gama girbi za su shiga dajin Rugu, kuma ba sa shiga babu garaya. In Labaran ya karɓi Sahabi ya koya masa, sana'a ta tsaya a gidansu. In ya sallame shi, a ba wani, shi ke nan.

Wanin ma ga shi zaune da rigarsa mai aiki. Armaya'u sunansa, shekara uku ya yi a birnin Katsina yana kiɗa a ƙofar manya.

Sai aka ɗauke garayar daga cinyar Sahabi, aka fara miƙa wa Armaya'u. Ashe da gangan Labaran ke sassauta tsirkiya ɗaya, ya ga ko mutum zai lura. Armaya'u ya taɓa sau ɗaya, ya yi murmushi, ya ɗaure. Ya zuba wa tsohon kirari, sannan ya saki hannu. Wallahi kiɗa tsaf, ba gargada! Maza na ta madalla. Labaran kuwa ya ƙura ido can gindin tsamiya, inda 'yan matan gidan, su Hussaina da Indo, ke sussukar gero. Su ko suna ta dakansu, kowace da nata bugun, suna gulmarsu.

Sai aka sake sassauta tsirkiya, aka ba Sahabi. Gumi har gemu! Ya ɗaure, ya wuce kima, ya kwance, ya sake. Da ya fara, yatsa ya zame, garaya ta yi wani irin kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Kaza ma sai da ta tashi. Armaya'u ya rufe baki da hannun riga. Labaran ko gezau.

"Kai, dattijo da haƙuri," in ji wani.

Sahabi da ya ga ta riga ta ɓaci, sai ya rufe ido ya kama taken da ubansa ke yi wa maharba in za su fita. Da tuntuɓensa da komai, haka ya ci gaba. Can sai taɓaryar Hussaina ta bi kiɗan. Ta Indo ta shigo. Kafin ka ce me, sussuka ta koma lugude, ana cilla taɓarya sama ana tafi ana caɓewa. Wani tsohon maharbi da ke gefe, mai ciwon gwiwa, kafaɗunsa suka hau rawa shi bai ma sani ba.

Labaran ya ɗaga hannu. Ya yi magana da ƙarfi, yadda ya saba, kamar mai kiran wani a gona.

"Kai mai riga, hannunka ya ƙoshi, ba abin da zan ƙara maka. Sauka lafiya. Kai kuma ɗan Batsari, ka yi rabin hanya. Gobe da hantsi."

Armaya'u ya zabura. "Haba Baba! Sau uku fa ya ɓata, kowa ya ji!"

Tsohon ya riga ya juya baya, ko waiwaye. Mutane suka hau gyaɗa kai, wai manya ba sa musu da yara, wai lallai ya jiyo wani abu a ƙarƙashin kiɗan da kunnen talaka ba ya kaiwa. Har da mai rantsuwa shi ma ya ɗan jiyo.

Sahabi ya bi shi zaure ya durƙusa a bayansa. Ya yi godiya, ya nemi gafarar kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Labaran na ta rataye garaya a bango.

Sai ga Inno, matar Labaran, da ƙwaryar fura, Hussaina na biye da ita da ludayi. Inno ta tsaya ta saurari rabin godiyar, dariya ta kusa ɓarar mata da fura.

"Ɗan nan, tashi ka zaga ta gabansa ka taɓa gwiwarsa. Tunda za ku zauna tare gara ka sani, amma maganar ta tsaya a zauren nan. Tun sanƙarau da ya yi shekarar harin Maraɗawa, mutumin nan ko tsawa ba ya ji."