Bidiyo Ɗaya, Duka Ɗaya

"Su ƙara masa!" in ji wata tsohuwa cikin masu kallon bidiyon, tana bubbuga tebur. "'Yan iskan unguwa, sun hana mu sakat!"

Wani mutum kuwa yana zaune can bayan ɗakin, ya cije leɓe. Masu bincike na wata jami'a a birnin Liyon na Faransa suka bar shi ya kalla, tunda shi ya kawo musu bidiyon: 'yan sanda uku sun taushe mutum ɗaya, sannan harsashin roba a fuska. Mutanen da aka nuna wa da safe, an ce musu manomi ne ya fito zanga-zanga, har da masu share hawaye. Waɗannan kuwa aka ce musu ɗan unguwar talakawa ne ta bayan gari.

Ya zo ne ya ji ko jama'a za su tsaya wa mutumin nan idan aka shiga kotu. To, ya ji.

A bakin ƙofa tsohuwar ta leƙa fuskarsa, ta dafe ƙirji.

"Wayyo, ɗan nan! Wane marar imani ne ya yi maka haka a ido?"

Ta lalubo alewa ta danƙa masa. Ya jefa a kwandon shara, ya goge tafinsa a wando.